Azurfar Rumawa da Baba Ya Ƙi Narkawa

A watan nan mahaifina, Arzika Maƙeri na Illela, ya cika shekara goma sha ɗaya a ƙasa. Bai riƙe sarauta ba, bai kuma taɓa shiga jarida da ransa ba, don haka mai karatu yana da haƙƙin ya tambayi abin da ya kawo shi shafin nan. Ni na kawo shi, ni 'yarsa Kulu, malamar tarihi a wata makarantar sakandare a Sakkwato. Shekara da shekaru ina tsayawa gaban allo ina ba 'ya'yan mutane labarin sarakunan da suka daɗe da zama ƙasa, amma wanda ya fara buɗe mini ido a kan tarihi ban taɓa rubuta ko layi ɗaya a kansa ba. Akwai kuma wata magana da na yaɓa masa ina da shekara goma sha tara, wadda ta tsaya tsakaninmu har ƙarshen rayuwarsa. In na ɓoye ta, yabon da zan yi masa zai zama rabin gaskiya.

Baba maƙerin fari ne, mai aikin azurfa da tagulla, kuma in kana son ganin ɓacin ransa to ka kawo masa lauje gyara. Rumfarsa tana ƙofar gidanmu, bayan kasuwa, ta wajen da ake fita zuwa Ƙonni. Ranar Lahadi, ranar kasuwa, ko ruwa ba ya samun sararin sha: ga matan Fulani masu son a manna musu tsohon sule a zobe, ga Buzaye abokan wasansa da sai sun gama zaginsa tas kafin su kwance ƙullinsu, ga mutanen ƙetare masu biya da sefa. Ba shi da wata na'urar gwaji. Sakin ƙarfe yake a kan uwar maƙera, inda ake dukan ƙarfe, ya karkata kai ya saurara, sannan ya goga shi a wani baƙin dutse ya dubi zanen da ya bari, shi ke nan ya gaya maka ko azurfa ce tsantsa ko an yi mata algus da jan ƙarfe. Ban taɓa jin wanda ya dawo ya ce Arzika ya yi kuskure ba. Narka tsofaffin kuɗi kuwa shi ne aikinsa na kullum. Kawunan sarakunan Ingila da ya jefa a wuta, na kan sulalla da fataka, Allah kaɗai ya san yawansu, kuma ban taɓa ganin ya tausaya wa ko ɗaya ba.

A gidanmu akwai al'adar da ya gada daga nasa uban: 'yar maƙeri ba ta shiga ɗakin miji da aikin wani a hannunta. Tun ranar da aka raɗa wa yarinya suna uban zai ware batta, duk ɗan ɓarɓashin azurfar da ya zama rabonsa a wurin aiki ya riƙa zubawa a ciki, har ranar da zai narka ya ƙera mata mundaye biyu da hannunsa. Ni kaɗai ce mace a cikin 'ya'yansa, saboda haka batta ɗaya ce a gidan, kuma kowa ya san tawa ce. Duk Sallah sai ya ɗauko ta ya ɗora mini a tafin hannu in ji nauyin da ta ƙara. Kowace yarinya da abin taƙamarta, ni nawa battar nan ce, kuma ba na jin akwai ƙawata a unguwar da ban cika wa kunne da zancenta ba.

Saura wata huɗu bikina sai ga wani mutumin Amarawa mai suna Nomau ya dawo daga ci-rani a Libiya. Ina rumfar a ranar, na kawo wa Baba fura. Nomau ya kwance wani tsumma ya zube wasu 'yan ƙananan kuɗi baƙi ƙirin, guda ashirin da uku, kowanne kamar faɗin farcen babban yatsa. Ya ce a wata gonar zaitun kusa da teku suke haƙa lambatu, shebur ya fasa wata 'yar tukunya, su uku suka raba abin da ke ciki. So yake a narka a yi wa matarsa mundaye, tun da ta yi haƙurin shekara uku ba ya gida.

Baba ya ɗauki ɗaya ya dirje shi da lemun tsami da toka. Sai ga kan mutum ya bayyana, da gemu a murmurɗe da wani ganye naɗe a ka. Ya sake shi a kan uwar maƙera ya saurara. Ya wanke na biyu ya saki, ya wanke na uku. Furar nan har ta tsinke bai waiwaye ta ba. Can ya ɗago kai ya ce, "Nomau, waɗanga sun girmi kakan kakanmu. Ba ni sa musu wuta."

Nomau ya ce, "To mi za ni ce ma maiɗakina? Shekara uku, in komo mata hannu banza?"

Baba ya ajiye kuɗin da ke hannunsa. Ya tashi ya shiga cikin gida, ya fito da battata. Ya ɗauko ɗan ma'auninsa, ya zuba baƙaƙen kuɗin a gefe ɗaya, ya yi ta kwarara azurfata a ɗaya gefen har suka daidaita. Abin da ya rage a battar ko ɗan kunne ba zai yi ba. Ina tsaye da ƙwarya a hannu ina kallo, bai ko dube ni ba. Mako bai cika ba matar Nomau ta shigo kasuwa da mundayena a hannunta.

Inna ta yi faɗan da ban taɓa jin ta yi irinsa ba. Gari kuwa ya sami abin dariya, don Baba da bakinsa ya faɗa cewa wasu daga cikin kuɗin rabinsu jan ƙarfe ne. Maƙerin da ba a taɓa cuta ba, yau ga shi ya ba da tsantsa ya karɓi algus, ido biyu, ba wanda ya yaudare shi. Masu sauƙin baki suka ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi, watau wai ya san wani Bature da zai saya da tsada. Masu zafin baki suka ce ya ajiye gumaka a gida. Sai da malamin unguwarmu, wanda kakanninsa suka kafa makarantar allon da muka yi karatu, ya zo ya jujjuya su, ya ce Musulmin farko ma da kuɗin Rumawa da na Farisa suka yi ciniki, da hotunansu da komai, sannan wannan surutun ya lafa. Daga bakinsa muka fara jin cewa mai yiwuwa kuɗin Rumawa ne. Baba dai bai sayar ba, ba a kuma ga wani Bature ba.

Abin da ya yi da su shi ne abin da nake so mai karatu ya riƙe. Ba ya karanta boko, balle rubutun da ke kewaye da kawunan nan, ajami kaɗai ya iya. Amma kullum bayan la'asar sai ya shimfiɗa buzu ya yi ta jera su yana sakewa, har ya tsayar da layi guda. A farkon layin ya sa waɗanda suka fi siɗewa, masu zaƙin ƙara, masu barin farin zane a dutse. A ƙarshe ya sa masu kaifin hoto, masu dusasshiyar ƙara da jan zane. Ya ce na farkon su ne tsofaffi, lokacin masarautar tana da ƙarfi. Na ƙarshen kuwa an buga su ne sa'ad da sarki ya tara mayaƙa fiye da azurfar da ke taskarsa, sai ya sa maƙera su ƙara jan ƙarfe su yi shiru. Yana faɗin haka da haushi, kamar jiya aka yi, don a ganinsa ba zaluncin da ya kai a tilasta wa mai sana'a ya yi ƙarya da hannunsa.

Cikin na ƙarshen akwai guda tara masu kan mutumin nan mai murɗaɗɗen gemu. Baba ya raba su kashi biyu, ya ce sarki ɗaya ne amma hannu biyu. Bakwai aikin birni ne, sumul, na maƙerin da ya saba ganin sarki. Biyun kuwa, musamman wani da bugunsa ya kauce gefe, idon sarki ya yi girma, wuyansa ya yi tsawo, ya ce wannan aikin irinsa ne. Na tuna yadda ya faɗa, yana shafa shi da babban yatsa: "Wanga mutumen bakin iyaka na. Bai taɓa ganin sarkin ba, labari anka ba shi. Amma dubi gemun ga, bai yi ha'inci ba, iyakar ƙoƙarinai ya yi." Wannan karkataccen shi ne ɗan lelensa, shi yake fara ɗauka, shi yake ajiyewa a ƙarshe. Ni kuwa ina jin duk wannan bayani ne da kunnen amaryar da aka yi wa fashi, kuma duk sanda ya shafa kuɗin nan sai in ji kamar in watsa su a rijiya.

Na zuba ido ko zai sake tunani, tun da in aka narka su aka tace za a sami abin da za a rufa asiri. Bai sake ba. Ana saura kwana goma biki ya zauna ya ƙera mini mundaye na tagulla. Yau da na san darajar aiki zan iya rantsuwa ban taɓa ganin zane mai kyan nasu ba, amma tagulla tagulla ce. Washegarin da aka kai ni, wata gwaggon mijina ta kama hannuna a gaban mata cike da ɗaki, ta juya shi sama da ƙasa, ta ce, "Ashe ɗiyar mai azurhwa da jan kaya taka zuwa?" Aka kwashe da dariya. Wasa ne irin na dangin miji, kowace amarya da nata rabon, amma ni da na shekara goma sha tara ina cika baki, ƙasa ce kawai ba ta tsage na shige ba.

Ranar da na fara zuwa ganin gida, ban ko shiga wurin Inna ba na tsaya a rumfa. Na zare mundayen na ɗora masa a kan uwar maƙera, na ce, "Baba, matattun ga da ba ka ko san sunansu ba, sun hi ni a wurinka." Ya dube ni, ya dubi mundayen, ya ci gaba da zuga wutarsa. Magana zarar bunu ce. Ba gaba muka yi ba, Allah ya kiyaye, ina gaishe shi yana sa mini albarka, in na haihu shi ke fara isowa Sakkwato. Amma hirar da muke yi a da ta mutu, kuma tun daga ranar bai sake shimfiɗa buzun nan a gabana ba.

Sau da yawa yanzu, in na shiga kasuwa na ga 'yan mata suna rububin sarƙoƙin da ke ƙyalli yau su koɗe kafin wata ya mutu, sai in ce ina ma Baba ya ga wannan. Na san zai ɗauki ɗaya ya saki a ƙasa, ya ji ƙarar gwangwani, ya mayar wa mai kaya da sallama. Ba wanda ke tambayar wa ya ƙera, ba kuma wanda ke ajiye batta. Ban ce zamaninsa ya fi namu a komai ba, don a zamaninsa ne aka narkar da abubuwan tarihi masu yawa ba wanda ya ce kash, shi kansa da hannunsa a ciki. Abin da nake mamaki shi ne yadda mutumin da ya tashi a cikin wannan sana'a ya gane, a rana ɗaya, cewa ga inda wutarsa ya kamata ta tsaya.

Bayan haihuwata ta biyu mijina ya bar ni na koma karatu, har na kai jami'a. Wata rana ana koya mana tarihin Arewacin Afirka a ƙarƙashin Rumawa, malaminmu, wani dattijo mai haƙuri, ya zagaya da wani littafi mai hotunan kuɗi. Ina buɗe wani shafi sai na ƙura masa ido. Ga wata mace sanye da fatar kan giwa a kanta, haure da hanci da komai. Na san ta. Tana bayan ɗaya daga cikin kuɗin Baba, har yakan ce ko wace ce wannan, mutanenta sun san giwa ido da ido. Da hutu ya zo na roƙi Inna ta ɗauko mini ƙullin ba da saninsa ba. Na tarar ya ɗinka wa kowanne ɗan aljihunsa a jikin wani ƙyalle, bi da bi, yadda ya jera su. Na ɗora takarda a kan kowanne na goga fensir har hoton ya fito, gaba da baya. Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce, fatana malamin ya ce jabu ne, irin na yaudarar baƙi, don in sami abin da zan riƙe.

Ya yi mako biyu da takarduna. Da ya kira ni ofishinsa, tambayar farko da ya yi ita ce wane masani ne ya jera mini su. Na ce maƙeri ne a Illela. Ya cire tabarau ya sake tambaya. Cikin ashirin da ukun nan, in ji shi, biyu kaɗai ne suka yi musayar wuri, sauran duk suna bin juna yadda sarakunan suka bi juna, fiye da shekara ɗari daga na farko zuwa na ƙarshe. Maganar algus ma haka take, a zamanin sarkin nan mai murɗaɗɗen gemu azurfar kuɗin Rum ta sauko har wajen rabi, saboda albashin soja.

Daga nan ya buɗe mini abin da Baba ya shinshino bai san sunansa ba. Daular Rum ba birni ɗaya ba ce, larduna ce jingim, daga ƙasashen sanyi har bakin Sahara. Macen nan mai fatar giwa ba gunkin da mutanen unguwarmu suka zata ba ce, alama ce ta lardin da suke kira Afirka, wanda ke ciyar da babban birnin da alkama da man zaitun, kamar dai yadda albasa da gero da dabbobinmu ke ciyar da biranen da ba su san hanyar Tozai ko Gidan Katta ba. Shi kansa sarkin nan mai murɗaɗɗen gemu ɗan lardi ne, a Labda aka haife shi, a gaɓar tekun Libiya, ƙasar da Nomau ya yi haƙa, kusan shekara dubu da ɗari takwas da suka wuce. A zamaninsa aka kakkafa sansanonin soja a bakin hamada, har da Gadamas, garin da kakanninmu suka san fatakensa, kuma da irin waɗannan kuɗi ake biyan masu tsaron iyakar. Da muka zo kan karkataccen nan kuwa sai malamin ya yi murmushi. Ya ce ba a birnin Rum aka buga shi ba, a ƙasar Sham ne, can gabas, lokacin da sarkin ke yaƙi da wani mai neman kujerarsa, aka sa maƙeran lardi su buga wa rundunarsa kuɗi cikin gaggawa. Na tattara takarduna na fito daga ofishin nan. Na je neman abin da zan kayar da ubana, na dawo da shaidar cewa kunnensa da baƙin dutsensa sun yi aikin da ake ba mutane digiri a kai.

Lokacin yanar ido ta fara rufe wa Baba gani, ya rage aiki. Na zauna a bakin rumfa na zayyana masa komai. Na zata zai yi murna, ko ya ce a kira masu yi masa dariya su zo su ji. Bai yi ko ɗaya ba. Da na gama sai ya ce, "Shi maƙerin Sham ɗin, an san sunanai?" Na ce a'a, sunan sarki kawai aka rubuta. Ya jinjina kai ya ce, "Haka aka yi muna ko'ina." Nan ne wurin da ya kamata in ce Baba ka yafe mini. Kalmar ta zo har bakina, girman kai na 'yar boko ya mayar da ita. Na gaya wa kaina ai bayanin da na kawo ya isa ban haƙuri, na tashi na shiga cikin gida.

Da yana raye a 'yan shekarun nan, na san abin da zai ce game da nairar da ke hannunmu, wadda da safe take sayen mudu, kafin wani watan ta koma sayen rabi. Zai ce an ƙara jan ƙarfe, kuma ba zai ɗora laifin a kan maƙera ba. Na san kuma da ya ga lokutan da aka rufe iyaka, Illela da Ƙonni suna hangen juna ba halin kai wa ɗan'uwa gaisuwar mutuwa sai ta ɓarauniyar hanya, da ya ce mutanen birni ne suka sake zana hoton bakin iyaka ba tare da sun taɓa ganinta ba. Abin da ban sani ba shi ne yadda zai ɗauki kuɗin da ke yawo a waya, wanda ba a saki a ji ƙararsa, ba a goga shi a dutse. Ina jin da ya tambaya, cikin gaskiya ba da ba'a ba, in mun shuɗe me wani mai haƙa lambatu zai tono ya san mun taɓa rayuwa.

Shekara shida bayan wancan zaman da na yi a bakin rumfa, Inna ta aiko cewa Baba yana nemana. Idon ya tafi gaba ɗaya, ƙafa ma ta yi nauyi, rumfar ta shekara uku a rufe. Na iso Illela da hantsi ranar wata Asabar. Tun daga bakin lungu na ji wani sauti da na yi zaton kunnena ne ke yi mini gizo: zugazugi. Na tarar da shi zaune a tsohon wurinsa, gawayi ya yi ja, ɗan kaskon narki yana tsakiyar wuta, ƙyallen nan a shimfiɗe kusa da gwiwarsa.

Na ce, "Baba, mi kaka yi?"

Ya ce, "Mundayenki nika yi, Kulu. Na makara, amma hannuna bai mance ba."

Ban san sanda na yar da jakata na faɗa kan ƙyallen na rungume shi ba. Ni da na yi shekaru ina fatan ganin wannan rana, sai ga ni ina rantsuwa da Allah ba zai narka su ba. Ya saki zugazugin ya yi dariya har da tari, ya ce, "Yau kuma ke ka hwaɗin haka?"

A nan bakina ya buɗe. Na durƙusa na ce ya yafe mini maganar da na faɗa masa a wannan rumfa, ina kuka kamar ba uwar 'ya'ya huɗu ba. Ya lalubo kaina ya dafa. Ya ce tun a ranar ya yafe, amma maganar ba ta bar shi ba, kullum yana auna ta. Sannan ya ce, "Ba su hi ki ba, ko da rana guda. Amma ke kina da uwa, kina da uba, kina da miji. Su ba su da kowa duniyar ga sai ni."

Sai da na natsu na duba ƙyallen. Aljihu ɗaya ba komai. Ka'idar aikinsa ce ba a zuba azurfa duka a kasko lokaci ɗaya, da guda ake farawa, in ya narke ya zama ruwa sai ya jawo sauran. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, mai fatar giwa tana nan, tsofaffin suna nan. Karkataccen ne babu. Na leƙa kaskon, ba gemu ba ido, sai wani ɗigon haske yana rawa. Na ce, Baba, duk cikinsu don me sai shi? Ya ce, "Yo da wanne za ni hwara maki, in ba wanda nika so ba?" Kwana ashirin da 'yan kai bayan haka Allah ya karɓi abinsa.

In na auna abin da ya rage na Arzika Maƙeri, a ido ba shi da yawa. Cikin 'yan'uwana ba wanda ya ɗauki sana'ar, rumfar ta zama shagon cajin waya, uwar maƙerar tana ɗakin Inna an ɗora mata buta. Matan da suka sa aikinsa suna ta ƙarewa, jikokinsu kuma ba su san hannun wa ke wuyan hannunsu ba. Amma ya bar mini wata ɗabi'a da nake ƙoƙarin cusa wa ɗalibaina, cewa kafin ka yanke wa abu hukunci ka wanke shi, ka saurare shi, ka tambayi wanda ya wahala a kansa. Sau ɗaya a shekara nakan kai ƙyallen aji, in bar yara su taɓa, kuma ban taɓa rasa wanda ya yi tsit ba da ya ji shekarun abin da ke tafin hannunsa.

Guda ashirin da biyun nan ba nawa ba ne, na sani, ba kuma na Baba ba ne, shi ma riƙo ya yi. Masu sayen kayan zamanin da sun lallaɓo sau biyu na sallame su. Na riga na rubuta cewa a bayana a miƙa su inda ake adana kayan tarihi, in ma masana sun ga ƙasar da aka tono su ce ta fi cancanta, to a mayar. Da na nuna wa tsohon malamina abin da na kwashe daga kaskon, ɗan dunƙule kamar ƙwayar wake, sai da ya dafe kai. Ya ce wannan kam tarihi ya yi hasararsa, ba sauran abin da wani zai karanta a jikinsa. A matsayina na malamar tarihi na yarda da shi ɗari bisa ɗari, kuma har yau in na tuna maƙerin Sham sai in ji kunyarsa, don bakina ne ya jawo aka shafe aikinsa. Sai dai ɗan dunƙulen nan ba ya cikin wasiyyar. Ya daina zama na Rumawa, ba kuma na gidan tarihi ba ne. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, wannan ni ya narka wa.